tmpfs a kanel ɗin Linux: kunna shi ba wuya, sa masa iyaka ne aikin

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai amfani da Linux, Ubuntu ne ko Debian ko Fedora, in ya buɗe tamina ya buga df -h zai ga wasu layuka da suka fara da tmpfs, ɗaya a /run, ɗaya a /dev/shm, wani a /run/user/1000, kowanne an rubuta masa girma kamar wani fatishan ne a faifai. Toh babu ko ɗaya a cikinsu da yake kan faifai, duk a RAM suke zaune, ana kashe na'ura ko wuta ta ɗauke shikenan sun tafi da duk abin da ke cikinsu. Yawancin mu ba ma ko kallon layukan nan, kuma gaskiya in distiro ɗinka ne, wato irin Linux ɗin da ka girka, ya gina maka kanel, wato zuciyar Linux da take sarrafa kayan na'ura, ba ka da wata damuwa, an riga an kunna komai. Matsalar tana zuwa ne ranar da ka ce bari ka gina kanel da kanka, ko don wani ɗan allo irin su Raspberry Pi, ko don tsohuwar laftof ta gwanjo da kake so ka rage mata nauyi, ka shiga make menuconfig, wurin zaɓen abin da za a gina a cikin kanel, kana ta kashe abubuwa da sunan rage kaya, sai ka iso kan tmpfs ka ga an rubuta wai ma'ajiyar wucin gadi ce a memori, ka ce ni da nake da RAM ɗin da bai kai ya kawo ba me zan yi da wannan. Ɗan uwa kar ka taɓa shi.

Wurin da yake a menuconfig shi ne ka shiga File systems, daga nan Pseudo filesystems, zaka ga layin "Tmpfs virtual memory file system support", sunansa a fayil ɗin .config kuma CONFIG_TMPFS. Ba a yin sa modul, wato ɓangaren da ake lodawa daga baya, ko dai y ko babu, tauraro ko fili. In ka duba ba ka ga layin ba kwata-kwata to akwai wanda ya dogara da shi da aka kashe, wato CONFIG_SHMEM, shi kuma yana can ƙarƙashin General setup cikin zaɓuɓɓukan da ba sa fitowa sai an kunna EXPERT. Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna / a cikin menuconfig ka rubuta TMPFS, zai nuna maka inda yake da abin da yake jira kafin ya bayyana. Ni dai na fi son in yi daga tamina kawai ba sai na yi ta yawo da kibiya ba:

scripts/config --enable SHMEM --enable TMPFS --enable TMPFS_POSIX_ACL --enable TMPFS_XATTR
make olddefconfig

sai ka buga grep TMPFS .config ka tabbatar sun zauna, don olddefconfig yana iya cire abin da ka kunna shiru ba tare da ya ce maka uffan ba in sharaɗinsa bai cika ba.

Abin da ya kamata a gane game da waɗannan biyun, SHMEM da TMPFS, shi ne ba ɗaya suke ba kuma kashe kowanne irin ɓarnarsa daban. Lambar tmpfs ɗin ma ba a cikin foldar fs take ba inda su ext4 da btrfs suke, tana mm/shmem.c ne, wato ɓangaren da ke kula da memori, domin asalinsa kanel ya ƙirƙire shi ne don amfanin kansa, galibi in manhajoji biyu suna so su yi tarayya a memori ɗaya to ta nan ake bi. CONFIG_TMPFS ƙofa ce kawai da ake buɗe wa mai amfani ya iya ɗora shi a folda ya zuba fayiloli. In ka bar SHMEM ka kashe TMPFS, na cikin gida yana nan yana aikinsa amma kai in ka ce mount -t tmpfs zai ƙi, kuma abin haushin shi ne in ka leƙa /proc/filesystems zaka iya ganin sunan tmpfs ɗin a jere, sai ka ɗauka lafiya lau. Don haka ganin sunan a can ba hujja ba ce, ka duba /boot/config na kanel ɗin da kake kai, ko zcat /proc/config.gz in an kunna wannan. Kuma in systemd ne yake tayar maka da na'ura, tun a matakin farko yake neman ya ɗora /run da /dev/shm, in bai samu ba nan zai tsaya cak, ba zaka ga ko wurin shigar da suna ba.

Kashe SHMEM ɗin kuwa ya fi wannan mugunta don shi ba ya yin ƙara, komai zai yi kamar yana tafiya daidai. Abin da kanel yake yi shi ne ya ɗauko ramfs, wata ma'ajiyar fayiloli a RAM da ta fi sauƙi, ya ba shi sunan tmpfs, kai ka ɗora ka rubuta size=100M ya karɓa bai musa ba, alhali ramfs bai san wani abu wai shi iyaka ba, duk zaɓin da bai gane ba sai ya share ya wuce, da gangan ma aka rubuta shi haka. Sai ka yi ta zuba kaya yana ci yana ci har RAM ya ƙare na'ura ta sandare. Kuma abin da ke cikin ramfs ba ya tafiya suwap, wato wurin da kanel yake tura kayan memori a faifai in RAM ya matse, yana nan daram sai in an goge. An bar wannan zaɓin ne don ƙananan na'urori sosai waɗanda kowane kilobayit ana lissafinsa, in dai na'urarka tana da RAM ko da megabayit 64 ne ni ban ga dalilin da zaka bi ta nan ba.

Tunda an zo kan ramfs bari in raba abubuwa ukun da ake yawan cakuɗawa, ramdis da ramfs da tmpfs. Akwai tsohon ramdis, su /dev/ram0, wanda direbansa brd, shi yana yin kamar faifai ne na gaske, sai ka yi masa mkfs ka sa masa ext4 ko wani, girmansa an yanke tun farko, kuma bayanin yana iya zama sau biyu a memori, ɗaya a cikin faifan ƙaryar ɗaya a kash, wato kwafin wucin gadi a RAM da kanel yake ajiye wa kowane faifai. ramfs ya zo ya ce tunda dai kanel yana riƙe fayiloli a kash kafin ya rubuta su, to a bar su a nan ɗin kawai kar a rubuta ko'ina. tmpfs kuma ya ɗauki wannan dabarar ya ƙara mata abu biyu, iyaka da kuma damar tura shafukan da ba a taɓawa zuwa suwap in memori ya matse. Ba Linux ne ya fara ba, kamfanin Sun ya riga shi da SunOS, kuma a Solaris /tmp a kan tmpfs yake tun farkon shekarun 1990. Na Linux ya shigo a jerin kanel 2.4 a 2001, Christoph Rohland na kamfanin SAP ne ya yi aikin, daga baya Hugh Dickins ya riƙe shi shekara da shekaru.

Sauran 'yan ƙananan zaɓuɓɓukan da ke ƙarƙashinsa ba sa cin wani wuri, ka kunna su. TMPFS_POSIX_ACL kam in kwamfuta ce mai allo da sauti dole ne, saboda /dev ɗinka shi ma a kan wannan lambar yake tafiya ta hanyar devtmpfs, wanda ya shigo a 2.6.32 a ƙarshen 2009, kuma da ACL ɗin ne ake ba wanda ya shiga kwamfutar izinin taɓa katin sauti da kamara ba tare da an mayar da shi root ba. In ka gina kanel ka ga sauti yana aiki da sudo amma ba ya aiki da sunanka, fara duba nan. Kunna ACL yana jawo TMPFS_XATTR da kansa. Kada ka manta da DEVTMPFS ɗin kansa, yana Device Drivers ƙarƙashin Generic Driver Options, da ɗan uwansa DEVTMPFS_MOUNT in ba ka amfani da initramfs, ƙaramin tsarin fayilolin da na'ura take fara tashi da shi. Akwai TMPFS_INODE64 da ya zo a 5.9 a 2020, wanda dalilinsa manyan sabobi ne irin na Facebook inda ake ƙirƙirar fayiloli da yawan da lambobin inode masu bit 32, wato lambar shaidar kowane fayil, suke zagayowa su ci karo da juna, in kana da tsofaffin manhajoji masu bit 32 zai iya rikita su, in ba ka da su kunna ko bari duk ɗaya a gida. TMPFS_QUOTA kuma a 6.6 ya zo, ƙarshen 2023, shi ne yake ba ka damar ka ce wane ga rabonka wane ga naka, yana da amfani a saba mai mutane da yawa kamar ta ɗakin kwamfuta a makaranta, inda ɗalibi ɗaya zai iya cika /tmp ya hana kowa sakat.

Wannan shi ne na kanel, minti biyu ka gama. Inda hankali yake shi ne wajen ɗorawa.

In ka ɗora tmpfs ba ka faɗi girma ba, kanel yana ba shi rabin RAM ɗinka, ba a haɗa da suwap a lissafin. Laftof mai gigabayit 4, gigabayit 2 kenan. Mutane da yawa in sun ga haka a df sai su firgita wai an cinye musu rabin memori, a'a ba a ci komai ba, tmpfs da babu komai a ciki kusan ba ya cin komai, yana kumbura ne in an zuba yana motsewa in an goge. Lambar nan rufi ce kawai. Amma fa juya maganar ka gani, tunda ba a ware memorin ba to babu wanda ya tabbatar yana nan, kuma kowane tmpfs da nasa rufin daban bai san da na ɗan uwansa ba. /dev/shm rabi, /tmp rabi, /run da nasa, /run/user na kowane mutum kashi 10 cikin ɗari kamar yadda logind, ɓangaren systemd mai kula da shigar mutane, yake sawa in ba a canza ba, in ka tara sun wuce RAM ɗin gaba ɗaya. Kamar uba ne mai gona ɗaya ya kira 'ya'yansa uku ɗaya bayan ɗaya ya ce wa kowanne rabin gonar nan taka ce, muddin ba su fito noma rana ɗaya ba gida lafiya, ranar da suka fito kuwa sai dai a tafi wurin mai unguwa.

Kuma ranar in ta zo tana da muni fiye da yadda manhaja take cinye memori. In burauza ce ta cika RAM, kanel yana da mai kisa, OOM, zai zaɓi wadda ta fi ci ya kashe ta memori ya dawo. Fayil a tmpfs kuwa ba na kowa ba ne, wanda ya rubuta shi ko an kashe shi fayil ɗin yana nan, sai mai kisan ya yi ta bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, ya kashe saba ɗin bayanai ya kashe ssh ɗin da zaka shiga da shi ka gyara, memori bai dawo ba ko kaɗan. In akwai suwap da sauƙi, za a tura kayan can, na'ura ta yi nauyi amma tana numfashi. In babu suwap, kamar yadda yawancin ƙananan alluna da sabobin haya masu arha suke, to iyakar da ka rubuta ita kaɗai ce tsakaninka da ristat. Shi ya sa ni ban taɓa yarda da size=0 ba, wanda ma'anarsa babu iyaka, ko da wani ya rubuta a intanet wai ya fi.

Ga yadda layin yake a /etc/fstab, wannan misali ne na ɗan allo mai gigabayit 1:

tmpfs /tmp tmpfs size=200M,nr_inodes=50k,mode=1777,nosuid,nodev 0 0

size yana karɓar k da m da g, yana kuma karɓar kashi cikin ɗari, ka rubuta size=20% in kana so layi ɗaya ya yi maka aiki a na'urori daban-daban. nr_inodes shi ne yawan fayiloli da foldoji, in ba ka faɗa ba ana ba shi rabin yawan shafukan RAM, shafi ɗaya kilobayit 4 ne a yawancin kwamfutoci, gigabayit 4 kenan shafi 1,048,576, rabinsa 524,288. Me ya sa za a damu da wannan? Saboda fayil ko babu komai a cikinsa yana cin memorin kanel, kuma wannan ba ya cikin lissafin size ɗin, mutum zai iya cika maka RAM da fayiloli marasa komai df yana nuna maka sifiri cikin ɗari. mode=1777 ɗin nan, 1 ɗin farko shi ne yake hana wani ya goge fayil ɗin wani duk da kowa yana iya rubutu a foldar, a /tmp haka ake so, amma in folda ce ta manhaja ɗaya to ka matse ta, mode=0700 da uid ɗin mai ita. Wasu suna ƙara noexec a /tmp don tsaro, ba laifi, sai dai ka sani akwai masu girka manhaja da suke zazzage kansu a /tmp su tashi daga can, ranar da ɗaya ya ce maka Permission denied kai kuma kana root, ka tuna da layin nan kafin ka fara zagin wanda ya rubuta manhajar.

Daɗin abin kuma ba sai ka kashe komai ba in wuri ya yi kaɗan:

mount -o remount,size=600M /tmp

nan take ya faɗaɗa, fayilolin ciki ba abin da ya same su. Ragewa ma haka, sai dai ba zai yarda ka rage ƙasa da abin da ke ciki ba.

Yanzu maganar gudu, wadda ita ce take kawo yawancin mutane. Ana ta yaɗawa wai ka mayar da /tmp RAM kwamfutarka ta koma jirgi. Ni dai abin da na gani bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma dalilin a fili yake, ko a ext4 in ka rubuta fayil ba kai tsaye yake sauka a faifai ba, yana zama ne a kash cikin RAM, kanel yana barinsa har kusan daƙiƙa 30 kafin ya ce ya tsufa a rubuta shi, in ka leƙa /proc/sys/vm/dirty_expire_centisecs zaka ga 3000. Fayil ɗin da aka ƙirƙira aka goge cikin daƙiƙa biyu, irin wanda gcc yake yi in yana gina manhaja, galibi bai ma taɓa faifan ba. Inda tmpfs yake cin riba na gaske shi ne manhajar da take yawan kiran fsync, wato take cewa lallai sai an sauke kafin in ci gaba, irin su SQLite da gwajin ma'ajiyar bayanai, a tmpfs wannan kiran dawowa yake nan take don babu inda za a sauke. Sai kuma in faifan naka katin memori ne mai jan ƙafa. 'Yan Gentoo ma da suke ɗora /var/tmp/portage a tmpfs, rabin dalilinsu hutar da SSD ne daga rubutun gine-ginen da ba sa ƙarewa.

Hutar da faifai ɗin nan shi ne ni abin da ya sa nake son tmpfs, musamman mu da wuta take zuwa ta tafi ba sallama. Ɗauki Raspberry Pi da aka jona a shago ko ofis yana aiki dare da rana a kan katin memori, batirin sola ya yi ƙasa da asuba inbata ta yi ƙara ta mutu. In a daidai lokacin katin yana cikin rubutu, ba fayil ɗin da ake rubutawa kaɗai ke cikin haɗari ba, katin yana goge bayanai ne a manyan dunƙule yana sake jera su a cikinsa, sai ka wayi gari allo ya ƙi tashi, jan fitila kawai ke kallonka. Kuma in ka bincika me ake ta rubutawa haka, ba wani abin kirki ba ne, log ne, wato rahoton abin da manhajoji suke yi, da fayilolin wucin gadi da hoton kamara da ake sabuntawa kowane daƙiƙa. Duk wanda ka kwashe ka mayar tmpfs ka rage sa'o'in da katin yake cikin rubutu, ka kuma rage masa tsufa, balle katunan da ake sayarwa a bakin titi waɗanda ba ka san asalinsu ba.

Sai dai /var/log yana da tarko. In ka ɗora tmpfs a kansa kai tsaye, duk tashi zai zo fanko, foldojin ciki babu, nginx kuma in bai ga /var/log/nginx ba ba zai ƙirƙira ba, ƙin tashi zai yi. Maganin shi ne ka rubuta ɗan fayil a /etc/tmpfiles.d mai layi irin wannan

d /var/log/nginx 0755 www-data adm -

systemd ya riƙa gina foldar duk tashi. In journald, mai rubuta log na systemd, shi ne kawai damuwarka ma ba sai ka taɓa fstab ba, ka buɗe /etc/systemd/journald.conf ka sa Storage=volatile, zai koma rubutu a /run/log/journal wanda dama tmpfs ne, ka ƙara RuntimeMaxUse ka ɗaure shi. Amma ka san abin da ka saya, ranar da na'urar ta faɗi da kanta log ɗin da zai gaya maka dalili ya tafi tare da ita. Shi ya sa wasu suke amfani da log2ram, yana riƙe log a RAM yana kwafewa zuwa kati lokaci-lokaci, ko kuma ka tura log ɗin wata na'ura ta netwok. Ni a na'urar da nake kan gwaji ina barin log a faifai, sai ta zauna da gindinta sannan in mayar da shi RAM.

Masu OpenWrt, Linux ɗin da ake sa wa rauta, sun daɗe da sanin wannan rayuwar, a rauta /tmp tmpfs ne kuma /var ma nuni ne kawai zuwa /tmp, shi ya sa duk ristat sai ka sake sauko da jerin manhajojin, don a RAM yake ya tafi. Kuma can ake ajiye sabon famwaya kafin a rubuta shi a filash, rauta mai RAM megabayit 32 in ka cika mata /tmp da tarkace sabuntawar ma sai ta gagara.

A kwamfutar tebur kuwa maganar /tmp a RAM an daɗe ana jayayya a kanta. Fedora sun koma tun siga ta 18 a farkon 2013, Arch ma haka suke, Debian sun yi ta ja har sai Debian 13 da ya fito a watan Agusta 2025 sannan suka mayar da shi haka daga gida, da rufin rabin RAM. Ga mai gigabayit 16 ba zai ma lura ba. Ga mai gigabayit 4 kuwa, ranar da ya ce pip install wani ƙaton kaya irin PyTorch, bayan ya ƙona data ya sauke, sai a ce masa No space left on device, ya duba faifai ya ga fili fal har gigabayit ɗari, ya rasa gane kan abin. /tmp ne ya cika. Ba sai ka rushe tsarin ba, ka ce

TMPDIR=/var/tmp pip install ...

don /var/tmp a faifai yake, kuma a ƙa'ida shi ne wurin manyan kayan wucin gadi da waɗanda ake so su tsallake ristat, saboda haka shi kar ka mayar da shi tmpfs ko da an ce maka. In kuma ka ga kai dai aikinka kullum manyan fayiloli ne, bidiyo ne ko hotunan faifai, systemctl mask tmp.mount ka yi ristat /tmp ya koma faifai, babu abin kunya a ciki. A ganina ga laftof mai gigabayit 4 da babu suwap wannan ɗin ma ya fi, ko kuma ka kunna zram, wanda suwap ne a cikin RAM ɗin amma a matse, Fedora suna kunna shi da kansu tun siga ta 33, kayan tmpfs da suka kwanta sai a matse su a can su rage cin wuri.

Irin wannan ciwon yana kama masu Docker ta wata fuskar, kowace kwantena, wato keɓaɓɓen ɗakin da Docker yake gudanar da manhaja a ciki, ana ba ta /dev/shm na megabayit 64 kacal in ba ka ce komai ba. Chrome a cikin kwantena sai ya riƙa faɗuwa ba dalili, PostgreSQL kuma in tambaya ta yi nauyi ya ce ya kasa faɗaɗa memorin tarayya babu wuri. --shm-size=1g a docker run ya kashe maganar. Kuma duk abin da kwantena ta rubuta a tmpfs ana lissafa shi ne cikin rabon memorinta, a Kubernetes ma emptyDir mai medium: Memory haka yake, sai ka ga an kashe kwantena wai ta wuce iyaka alhali manhajar cikinta ba ta ci komai ba, fayilolin da ta zubar ne.

Wajen dubawa kuma free -h yana ruɗar mutane. Kayan tmpfs suna shiga cikin buff/cache, mu kuma an koya mana cewa kash ba abin damuwa ba ne kanel zai sake shi in ana buƙata, toh wannan kason ba ya sakuwa, ko ka rubuta 3 a drop_caches yana nan, don babu faifan da za a sake karanto shi daga can. Ka kalli layin shared a free, ko Shmem a /proc/meminfo, sannan ka yarda da available fiye da free. In df ya ce /tmp ya cika amma du ya ce ba komai, wata manhaja ce ta goge fayil tana riƙe da shi a buɗe, lsof +L1 zai nuna maka ita, ka rufe ta wurin ya dawo.

Akwai huge= ga wanda ya kunna TRANSPARENT_HUGEPAGE, yana sa a yi amfani da manyan shafuka na megabayit 2 a x86, a kashe yake daga gida, in zaka gwada within_size ya fi always hankali don always zai iya ba ɗan ƙaramin fayil babban shafi guda. Mai gida ɗaya da laftof ɗaya bai buƙaci wannan ba.

Na ƙarshe da nake so a kula da shi shi ne masu ajiye sirri, makullin ssh ko kalmar sirri da aka buɗe na ɗan lokaci, suna cewa ai a RAM yake ba ya taɓa faifai. In kana da suwap a faifai yana iya taɓawa, memori na matsewa kanel zai tura shafin can, kuma zai iya zama a wurin bayan an kashe na'ura har sai wani abu ya rubuta a kansa. Da can mafita ita ce ko ka rufe suwap ɗin da makulli ko ka koma ramfs ka haƙura da rashin iyaka. Daga kanel 6.4 na tsakiyar 2023 an ƙara noswap, sai ka samu iyaka kuma ba a tura komai waje:

mount -t tmpfs -o size=16M,mode=0700,noswap tmpfs /mnt/sirri

Ka sa shi tun a ɗorawar farko, remount ba ya iya ƙara shi daga baya, sai ka sauke ka sake ɗorawa. Ka kuma riƙe size ɗin ƙarami tunda duk abin da ya shiga nan ya zauna a RAM kenan har a goge. In uname -r ya nuna maka ƙasa da 6.4, kamar Debian 12 da yake kan 6.1, mount zai ƙi karɓar zaɓin, sai dai ramfs ɗin da folda mai mode=0700 wadda root kaɗai ke iya rubutu a ciki.